Turbine: kalmar da ake ji duk sanda wuta ta ɗauke, daga ina ta fito kuma me take nufi?

Duk lokacin da babban layin wutar lantarki na Najeriya ya durƙushe, ko wuta ta yi ƙaranci a tsakiyar bazara, akwai wata kalmar Turanci da ba a rasa ta a bayanin hukuma, wato turbine. Za a ce an rufe guda biyu a tasha kaza don gyara, ko an sayo sababbi, ko babu gas ɗin da za a ba su. Masu fassara labarai sukan ce "injin samar da wuta" su wuce, mai sauraro kuma ya ɗauka wani ƙaton janareta ake nufi, wanda da an kawo shi an kunna, shi ke nan duhu ya ƙare. To mene ne ainihin abin da kalmar take nufi, wa ya ƙirƙiro ta, kuma me ya sa ƙasa za ta tara irin waɗannan injina amma jama'arta su kwana da fitilar waya?

Ma'anarta a bakin injiniya

Injiniyoyin Najeriya suna furta ta kamar "tabayin". Na Nijar kuwa, da yake ta hanyar Faransanci suka same ta, "turbin" suke cewa. A nan za mu riƙa rubuta tabayin idan na'urar ake nufi.

Tabayin sandar ƙarfe ce da aka jera wa fukafukai kewaye da ita, galibi a cikin rufaffen gida, yadda ruwa ko tururi ko iska zai bi ta tsakanin fukafukan da ƙarfi ya tilasta wa sandar juyawa. Iyakar aikinsa ke nan, ya karɓi ƙarfin abin da ke gudana ya mai da shi juyi. Wanda ya san fanka ya san rabin zancen. Fanka ana ba ta wuta ta juya ta koro iska, tabayin kuwa iskar ce ko ruwan ke koro shi ya juya, a ɗauki juyin a yi wani aiki da shi.

Ba a cikinsa ake yin wutar ba. A ɗaya ƙarshen sandar akwai wata na'ura dabam, janareta, inda maganaɗisu ke juyawa a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, nan ne lantarki ke fitowa. Ana iya cire janaretan a ɗaura wani abu, tabayin bai damu ba. Yana juya farfelar jirgin ruwa, yana juya injin da ke tura gas a cikin bututu, har ɗan ƙarfen nan mai tsiwa da likitan haƙori ke huda haƙori da shi ƙaramin tabayin ne, iska ke juya shi sau 300,000 ko fiye a minti ɗaya.

Haka kuma ba duk abin da ke juyawa ne ya cancanci sunan ba. Taya tana juyawa, dutsen injin niƙa yana juyawa, amma ba abu mai gudana ne ke tura su ba. Ɗan janaretan da ake ja da igiya a ƙofar shago fistin ne a cikinsa, irin na babur. Farantin sola kuwa ko motsi ba ya yi.

Katantanwar Rumawa

Tushen kalmar Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum. A can akwai kalmar turbo, wadda idan ta shiga wasu gurabun jumla takan koma turbinis ko turbine, kuma daga tushen waɗannan surori, wato turbin, kalmar ta iso mu. Rumawa suna kiran abubuwa da dama da ita, duk masu juyawa a kan tsakiyarsu: guguwa, da juyin ruwa mai haɗiye abu, da ɗan nauyin da ake sa wa mazari a wurin kaɗi, da kuma abin wasan yara da ake murzawa ya yi ta juyi a ƙasa. Mawaƙinsu Virgil, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi amfani da ita a wannan ma'ana ta ƙarshe, inda ya kwatanta wata sarauniya da hankalinta ya gushe da abin wasan da yara ke tsula wa bulala yana zagaya fili.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Abin da Rumawa ke kira turbo shi ne katantanwarmu, kuma abin mamaki, harsunan biyu sun haɗa abu biyu a suna ɗaya. A Hausa katantanwa ita ce ƙwaryar dodon koɗi, ita ce kuma abin da yara ke murzawa. A Latin ma sunan ya bi ƙwaryar mai murɗaɗɗen tsini, shi ya sa a 1758 masanin halittu ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa wani jinsin dodon koɗin teku suna Turbo. Likitoci ma sun ɗebi rabonsu, domin naɗaɗɗun ƙasusuwan da ke cikin hanci, masu ɗumama iskar da muke shaƙa, daga wannan tushe aka samo sunansu na Turanci.

Turbo tana da 'yar'uwa a Latin, turba, ma'ana cincirindon jama'a da hayaniya da hargitsi. Daga wannan ɗaki ne Turanci ya samu trouble da disturb, da turbid ta ruwan da aka dama ya yi gurɓi, da turbulence, girgizar da jirgin sama ke yi idan ya shiga iska mai rikici. Ke nan dangin kalmar duka na hargitsi ne, ita kaɗai ce ta kama sana'a. Turba ta Hausa, wato hanya, ba ta cikin wannan gida, kamar sauti ce kawai.

Malami ya raɗa suna, ɗalibi ya ƙera

Ba kasafai ake sanin wanda ya ƙirƙiri kalma da shekarar da ya yi hakan ba, amma wannan an sani. Claude Burdin ne, injiniyan ma'adinai kuma malami a makarantar koyon haƙar ma'adinai ta garin Saint-Étienne a Faransa. A 1822 ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faris wata maƙala a kan injinan ruwa masu juyawa da matuƙar sauri, ya kira su turbines. Rahoton da majalisar ta yi a kan maƙalar ya fito a 1824, daga nan sunan ya bazu.

Me ya sa aka buƙaci sabon suna alhali Turai ta yi ƙarnuka tana niƙa da ƙarfin ruwa? Domin abin da ake da shi a lokacin ƙaton gargare ne na katako, tsaye a bakin rafi, ruwa na zuba a kansa ko yana tura shi ta ƙasa. Yana da nauyi, yana tafiyar hawainiya, ɗan sashe kaɗan ne na jikinsa ke taɓa ruwa a kowane lokaci, kuma idan rafi ya cika ya shanye shi sai aiki ya tsaya. Ingila ta samu mafita a kwal mai araha da injin tururi. Faransa ba ta da kwal mai sauƙin samu kamar haka, amma tana da koguna, don haka masana'antunta suka matsu a samo musu abin da zai tatsi ruwa fiye da tsohon gargaren. Wata ƙungiyar bunƙasa masana'antu ta sa kyautar faran 6,000 ga duk wanda ya ƙera shi ya yi aiki.

Burdin mutumin lissafi ne, injinan da ya gwada ba su kai inda ake so ba. Ɗalibinsa Benoît Fourneyron ne ya warware matsalar a 1827, yana ɗan shekara kusan 25. Ya kwantar da gargaren maimakon ya tsayar da shi, ya sa ruwa ya shigo ta tsakiya, ya bi ta wasu lanƙwasassun faranti da ba sa motsi waɗanda ke saita masa hanya, sannan ya faɗa wa fukafukan da ke kewaye duka a lokaci ɗaya ya fita ta gefe. Na farkon ƙarfin doki shida ne kacal, amma yana aiki ko da ruwa ya rufe shi. Ya yi rajistar fasahar a 1832, ya karɓi kyautar a 1833. A 1837 ya kafa wa wata masaƙa a Sankt Blasien, cikin tsaunukan kudancin Jamus, wani wanda faɗinsa kimanin ƙafa ɗaya ne, ruwa na faɗo masa daga tsayin sama da mita 100, yana juyawa sau 2,300 a minti, yana ba da ƙarfin doki 60, yana kuma cin moriyar kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ruwan. Nan ne aka gane hikimar sunan. Tsohon gargare tafiya yake yi a hankali kana ƙirga fukafukansa, wannan kuwa juyin katantanwa yake yi har ido ba ya kama shi.

A daidai wannan lokaci, ƙarshen shekarun 1830 zuwa farkon na 1840, kalmar ta tsallaka cikin Turanci, da rubutunta na Faransanci ba a canza ko harafi ba. Wato kalmar da muke kira ta Turanci, Bafaranshe ne ya ɗinka ta da yadin Latin, Bature ɗan Ingila aro ya yi.

Waɗanda suka biyo baya sun bar sunayensu a jikin injinan. James Francis, a garin masaƙu na Lowell a Amurka, ya juya tsarin a 1849, ruwa ya riƙa shigowa daga gefe yana nufar tsakiya, kuma nasa ne aka fi amfani da shi a madatsun ruwan duniya har gobe. Lester Pelton, a yankin haƙar zinariya na Kalifoniya, ya yi rajistar nasa a 1880, mai kofuna da ake feshe da siririn ruwa mai tsananin ƙarfi, ya dace da inda ruwa kaɗan ne amma daga can sama yake faɗowa. Viktor Kaplan ɗan Ostiriya ya fito da nasa a 1913, mai kama da farfelar jirgin ruwa, wanda ake iya karkata fukafukansa, don babban kogi mai ruwa da yawa amma marar tsayin faɗowa.

Daga ruwa zuwa tururi, gas da iska

Shekara sittin na farko, in an ce turbine ruwa ake nufi. Charles Parsons ne ya faɗaɗa ma'anar a Ingila a 1884, da ya jera fukafukai sahu bayan sahu a kan sanda ɗaya, tururi na bi ta cikinsu yana sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Na farkonsa kilowat 7.5 yake bayarwa, yana juyi sau 18,000 a minti. Da manyan sojan ruwa suka yi masa ko-oho, sai ya ƙera wani siririn jirgi ya sa masa suna Turbinia. A watan Yunin 1897, ana faretin jiragen yaƙi a Spithead, a tekun kudancin Ingila, don cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan gado, ya kutsa tsakanin sahun jiragen ba tare da gayyata ba, yana gudun sama da kilomita 60 a awa, aka rasa jirgin da zai kamo shi. Kafin shekara goma, babban jirgin yaƙin Ingila Dreadnought na 1906 da tabayin yake tafiya.

Wannan na tururi shi ne ƙashin bayan wutar duniya har yau. Ko kwal aka ƙona, ko gas a wasu tashoshin, ko makamashin nukiliya aka yi amfani da shi, ƙarshen zancen dai ruwa ake tafasawa tururi ya juya fukafukai. Tashar nukiliya, duk da kwarjininta, hanya ce mai tsada ta tafasa ruwa.

Na gas ya zo daga baya, kuma akwai ruɗani a sunansa. Gas ɗin da ke cikin sunan ba lallai iskar gas ta girki ko ta bututu ba ce, hayaƙi mai zafi ake nufi, wanda ke fitowa bayan an matse iska an ƙona mai a cikinta. Man na iya zama iskar gas, ko dizal, ko kananzir ɗin jirgi. A 1939 aka kafa tashar wuta ta farko mai irin wannan inji a Neuchâtel ta Suwizalan, mai megawat 4, kuma a watan Agustan shekarar ne jirgin sama na farko mai injin jet ya tashi a Jamus. Injin jet da injin tashar wuta ta gas 'yan gida ɗaya ne.

Iska kuwa ta riga tururi da gas aiki, sai dai ta zo ƙarshe wajen karɓar sunan. Mutanen Sistan a gabashin Farisa sun fi shekara dubu suna niƙa hatsi da ita. Amfani da ita don lantarki ya fara ne da James Blyth a Sukotlan a 1887 da Charles Brush a Amurka a 1888.

Turbo a jikin mota

Kalmar ta sake gajarcewa ta koma surarta ta Latin a bakin bakanikai. Abin da ake kira turbo a mota ƙaramin tabayin ne da aka dasa a hanyar salansa. Hayaƙin da zai fita a banza shi ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti, shi kuma ya juya wata farfela da ke cusa ƙarin iska cikin inji don a ƙona ƙarin mai a samu ƙarin ƙarfi. Alfred Büchi ɗan Suwizalan ne ya yi rajistar dabarar a 1905, ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka a 1962.

Daga nan 'yan talla suka ƙwace ta. Turbo ta koma nufin "mai sauri" ko "mai ƙarfi" kawai, ana liƙa ta a jikin reza da sabulun wanki da manhajar kwamfuta. A 2019 kamfanin Porsche ya fitar da motar lantarki mai suna Taycan Turbo, wadda ba ta da salansa balle hayaƙin da zai juya wani abu.

Rawani ba ya cikin dangin

Akwai masu haɗa turbine da turban, kalmar Turanci ta rawani, wadda jaridun Najeriya ke yawan amfani da ita a labarin naɗin sarauta. Ba a rasa dalili ba, tunda rawani naɗa shi ake yi, kuma a bakin Amurkawa da yawa furucin kalmomin biyu kusan ɗaya ne. Amma asalinsu ya yi hannun riga. Turban daga Farisanci take, dulband, ta bi ta Turkanci da Italiyanci da Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kimanin shekara 250 kafin Burdin ya ɗauki alƙalami. 'Yar'uwarta ta jini ita ce tulip, furen nan da Turawa suka ga ya yi kama da rawani.

Inda ake saɓani

Saɓani na farko a kan wanda ya fara ne. Masu bin tarihi sukan koma ga Hero na Iskandariyya a ƙarni na farko, wanda ya bayyana wata ƙwallon ƙarfe da tururi ke fita ta bututu biyu a jikinta yana juya ta. Wasu su kawo Taƙiyuddin ibn Ma'aruf, masanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda a 1551 ya bayyana yadda feshin tururi ke bugun fukafukai ya juya tsinken gasa nama, shekara 78 kafin Giovanni Branca na Italiya ya zana makamancinsa a 1629. Duk gaskiya ne, kuma Taƙiyuddin ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi. Sai dai waɗannan sun nuna abin zai yiwu ne, Fourneyron da Parsons su ne suka mai da shi abin da masana'anta za ta dogara da shi.

Na biyu a kan iyakar kalmar ne. A wurin mai tsaurin ra'ayi, sashen da ake juyawa kaɗai ne tabayin. A maganar yau da kullum kuwa, har da ta injiniyoyi, ana kiran injin gas ɗungurungum da sunan, haka ma doguwar hasumiyar iska da janaretanta da komai. Daga wannan sakacin ne ruɗanin ya samo asali, har aka wayi gari ana ɗaukar tabayin da janareta abu ɗaya.

Na uku namu ne: a ara ko a ƙirƙira? Hausa ba ta taɓa jin kunyar aron sunan abin juyi ba. Farfela daga propeller take, libarba daga revolver, bindigar da aka sa wa suna saboda ɗakin harsashinta mai juyawa. A ganina aron ya fi "injin samar da wuta", domin wannan fassarar ta haɗiye bambancin da ya kamata mai sauraro ya gani. Wanda ba ya son aro yana iya cewa farfelar ruwa, farfelar tururi, farfelar iska, ko ba komai sunan zai riƙa tuna masa da abin da ke turawa.

Abin da ya shafi mai biyan kuɗin wuta

Tashoshin da ke kan babban layin Najeriya, in aka haɗa abin da aka rubuta a jikin injinansu, sun kai kimanin megawat 13,000. Abin da ke isa ga jama'a galibi tsakanin 4,000 ne da 5,000. Mafi yawan wannan giɓi ba rashin tabayin ba ne. Ko dai babu abin da zai juya shi, ko ya lalace yana jiran kayan gyara, ko babu wayar da za ta kwashe abin da ya samar.

A ɗauki ruwa. Kainji, da aka gama a 1968, an yi mata gurbin injina 12 amma takwas aka sa, masu megawat 760. Jebba ta biyo a 1985 da shida, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 da huɗu masu megawat 600, sai Zungeru mai huɗu da megawat 700. Ƙarfin kowannensu ya dogara da abu biyu, yawan ruwan da ke wucewa da tsayin da yake faɗowa. Idan tafki ya ja baya, duka biyun ne ke raguwa. Kainji tana da sa'ar cika sau biyu, ɗaya daga ruwan daminar yankin, ɗaya kuma daga ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, wanda ke yin watanni a hanya ta Mali da Nijar kafin ya iso da sanyin hunturu. Shiroro ba ta da wannan gata, damina ɗaya take jira. Shi ya sa ƙarshen rani, lokacin da aka fi buƙatar fanka da ruwan sanyi, shi ne lokacin da madatsun suka fi rauni.

Gas ne ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar, kuma nan matsalar ta fi yawa. Egbin da ke kusa da Ikorodu a Legas, mai injina shida da megawat 1,320, gas take ƙonawa ta tafasa ruwa. Yawancin sauran kuwa injinan gas ne kai tsaye. An gina da dama daga cikinsu a shirin tashoshin da gwamnatin Obasanjo ta fara a tsakiyar shekarun 2000, wasu tun kafin a tabbatar da gas ɗin da zai ishe su. Idan an fasa bututu, ko masu sayar da gas sun rage saboda bashin da suke bi, sabon inji fil zai zauna shiru. Tashar Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, an kafa ta a inda bututun gas bai kai ba, ta kuma shafe fiye da shekara goma ba ta fara ba da wuta ba. Ta Maiduguri mai megawat 50, da aka buɗe a 2023, a tankokin mota ake kai mata gas. Wannan ne ya sa bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fi kowane sabon inji muhimmanci ga wutar Arewa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Adadin da ake rubutawa a jikin injin gas an auna shi ne a yanayin sanyi na digiri 15, a daidai doron teku. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin kuma nauyin iskar da ya shaƙa yake aiki da shi, ga shi fiye da rabin ƙarfin da tabayin ya samar yana komawa ne wajen matse iskar. A ranar da zafi ya kai digiri 40, inji lafiyayye ba zai ba da abin da aka rubuta masa ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatunsa. Saboda haka idan an ce an kawo injin megawat kaza, ba shi ne abin da za a gani a watan Afrilu ba.

Iska ta fi su duka tsauri a lissafi. Ƙarfinta yana raguwa fiye da saurinta nesa ba kusa ba: in saurin ya ragu da rabi, ƙarfin kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. Kuma tun wajen 1920 Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu farfelar da za ta iya tatsar fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Gonar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37 da jimillar megawat 10, wadda aka shafe sama da shekara goma ana aikinta, megawat goman nan sai iska ta kai yadda ake so.

Wani lokaci kuma injinan lafiya lau suke, hanya ce ta yanke. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke hawowa daga Ugwuaji a Enugu ta Apir a Binuwai ya samu matsala. A Nijar ma, da Najeriya ta katse wutar da take tura mata a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba abin da ya samu Kainji, inda wutar ke fitowa, amma Yamai ta koma dogaro da injinan dizal na Gorou Banda har aka maido da layin a watan Maris na 2024.

Ita kanta durƙushewar babban layi zancen juyi ne. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka duk injinan da ke kan layi dole su juya da taki ɗaya, manyan na gas da na tururi galibi sau 3,000 a minti, na ruwa ƙasa da haka nesa saboda janaretansu na da maganaɗisu da yawa. Ƙa'idar layin ta ce a zauna tsakanin 49.75 da 50.25. Idan wata babbar tasha ta fita ba zato, nauyin sai ya koma kan sauran, juyinsu ya fara raguwa. Fukafukan tabayin ba sa jure dogon aiki a saurin da ba nasu ba, suna iya girgiza har su tsage, don haka na'urorin kariya sai su cire injin daga layi. Fitarsa ta ƙara wa na gaba nauyi, shi ma ya fita, cikin daƙiƙoƙi ƙasa ta yi duhu. Maganin abin shi ne a riƙa barin wasu injina suna juyi ba tare da an ɗora musu cikakken kaya ba, don su karɓi nauyi nan take. Amma ajiye irin wannan rara yana da wuya a ƙasar da kowane megawat ana rububinsa, kuma wani ne zai biya kuɗin gas ɗin da aka ƙona ana jira.

Nan zancen ya iso aljihu. Injin gas da ke sakin hayaƙinsa sama kai tsaye, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zafin man ke zama wuta, ko ya ɗan fi haka, saura ya bi iska. Idan aka tari hayaƙin aka tafasa ruwa da shi aka juya tabayin na biyu na tururi, ana iya kaiwa kusan kashi 60 cikin 100 da gas ɗin nan dai. Yawancin tashoshin gas na Najeriya irin na farkon ne. Gas ɗin da dala ake yi masa farashi, fukafukan da ke cikin wutar kuma, waɗanda dole a canza su bayan wasu dubban awoyi na aiki, daga kamfanoni irin su GE da Siemens ake sayo su, su ma da dala. Da naira ta faɗi, waɗannan na cikin dalilan da hukumar kula da wutar lantarki ta kawo a watan Afrilun 2024 lokacin da ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit.